Na ce wa Yaya "An yi", yanzu mai gyaran kwamfuta ake tuhuma

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da iyayena da yayyena masu karatu. Don Allah a ɓoye lambar da na turo wannan da ita, wayar ƙawata ce na ara. Sunayen da za ku gani ma duk na canza su. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, kuma wanda zai zage ni ya sassauta, don babu zagin da ban riga na yi wa kaina ba. Ni ɗaliba ce, ajin kimiyya, shekara ɗaya ta rage mini in gama sakandare. Ban iya magana ba. A gida ma in an yi baƙi sai su tashi tafiya kafin su san ina ɗakin. Rubutu ne kawai nake iyawa, shi ya sa na zo nan.

A Karmo muke zaune. Babanmu yana da rumfar yadi a kasuwa. Yayata, Yaya Bilki, mai ɗaukar hoto ce, amma na mata zalla. Ranar ƙunshi, ranar kamu, walimar cikin gida, duk inda mata za su cire mayafi su saki jiki, ita ake kira, tun daga Kubwa har Gwagwalada. Ba don kyamararta ta fi ta kowa ba. Don an san hoton da ta ɗauka idon namiji ba zai gan shi ba sai wanda mai hoton ta ga dama ta nuna wa. Wannan shi ne jarinta gaba ɗaya. Ko Baba bai taɓa leƙa fuskar laftof ɗinta ba, in ya shigo ya tarar tana aiki sai ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ni ce kaɗai take bari in taɓa. Ni nake ware hotunan da suka yi kyau, in zuba waɗanda ba su yi ba a wata folda daban, sannan in haɗa masu kyaun in matse su su zama fayil guda don su yi sauƙin turawa. Masu kwamfuta zif suke ce wa irin wannan fayil. Mu a gida ƙunshi muke ce masa, don Yaya takan ce, "Amarya ta sha ƙunshi, hotonta ma a yi masa ƙunshi." Akwai wata 'yar manhaja a laftof ɗin da ke ƙunshewa ta kuma kwance, tun da aka sayo shi tana ciki, ba wanda ya taɓa kula ta.

Kafin azumin bana wasu maɓallan laftof ɗin suka daina aiki. Mai gyaran unguwarmu Oga Danladi ne, Bagwari, Kirista, shagonsa na kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Kowa ya san shi. Shi ya gyara rediyon Baba, matarsa Maman Rahila kuma wajen Mama take sayen ƙuli-ƙuli. Yaya ba ta so ta kai ba amma babu yadda za ta yi, sai ta tafi da ni. Da ya kunna, kafin ma ya ɗauko sukundireba, ya tsaya yana kallon wani abu, ya ce, "Hajiya, wannan abu naka na buɗe zif ya tsufa fa. Yana da rami." Haka yake Hausarsa, mace ma "kai" yake ce mata. Yaya ta yi dariya ta ce, "Oga, rami kuma? Sai ka ce titin Karmo." Ya ce, "Gara na titi, kana ganinsa ka kauce." Ya yi mana bayani cewa an gano tsohon samfurin yana da ɓaraka. Mugu zai iya haɗa ƙunshi na musamman ya turo, kana kwancewa ka ga takarda ɗaya a gabanka, alhali wani abu ya sulale ya je ya kwanta a inda kwamfuta ke tashi da shi duk lokacin da aka kunna ta. Ya ce masu manhajar sun toshe ramin a sabon samfuri, amma ita ba ta sabunta kanta, sai mutum ya je da hannunsa ya sauko da sabuwar. Ya karanto lambar samfurin da ke jikin tamu, ya ce, "Bari in sa maka sabo yanzu, ba zan karɓi komai ba." Yaya ta ce a'a. Ba ta son namiji ya daɗe yana yawo a cikin laftof ɗin. Ta ce, "Kai dai gyara maɓallan. Sauran ƙanwata za ta yi, ai kwamfuta suke karantawa a makaranta." Ya kalle ni ya ce, "Ka iya?" Na sunkuyar da kai na ce e.

Yaya tana da aiki a ranar, sai ta bar ni a shagon in tsare. Na zauna a kan benci tun azahar. Na ga komai. Kashe laftof ɗin ya yi ya kifa shi, ya kwance ƙananan ƙusoshin ya jera su a cikin murfin gwangwanin madara don kada su ɓace. Yana aiki yana cin gyaɗa yana faɗa da 'yan acaɓa a kan ƙwallo. Sau ɗaya na tashi, na shiga gidan wata ƙawar Mama na yi la'asar na dawo. Da na dawo laftof ɗin yana nan a kife, cikinsa a waje, batirin ma a gefe yake. Da ya gama ya kunna a gabana, ya buɗe farar takarda ya danna kowane harafi ya ga ya fito, ya rufe ya miƙo mini. Ko kusa da foldar hotuna bai je ba.

Washegari na zauna zan yi sabuntawar. Na shiga inda kwamfuta ke sabunta kanta na danna, ta ɗauki lokaci tana juyi tana cewa kada a kashe ta, har na yi ta addu'a kada a ɗauke wuta. Ta gama ta tashi. Yaya tana tsakar gida tana guga ta ɗago murya, "Ke, an yi?" Na ce, "An yi." Wallahi a lokacin na zaci gaskiya na faɗa. Sai da na buɗe manhajar ƙunshin zan yi aiki, idona ya kai can sama inda ake rubuta lamba da ƙananan baƙaƙe, na ga ita ce dai lambar da Oga Danladi ya karanto. Ba ta motsa ba. Sai a lokacin maganarsa ta dawo mini, cewa wannan ba ta bin sahun sauran. Na shiga intanet neman sabuwar, shafuka suka fito rututu, kowanne da koren maɓalli yana cewa ni ne, ni ne. Na ji tsoro in danna wanda ba shi ba. Na ce gobe zan tambaya. To wa zan tambaya? In koma shagon da maza suka cika suna cajin waya in ce ban iya ba bayan na ce na iya? In je in ce wa Yaya "an yi" ɗin da na faɗa ɗazu ba a yi ba? Wanda ba ya jin kunya irin tawa zai ga wannan ba komai ba ne. Ni kuwa sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in fasa. Gobe ta zama jibi. Azumi ya zo ya wuce. Duk ranar da na buɗe manhajar sai na ga lambar, sai in kawar da ido.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ga inda na fi jin kunya. Da jarrabawar ƙarshen zango ta matso, wani fayil ya riƙa yawo a guruf ɗin ajinmu, aka ce tambayoyin kemistiri ne da suka fita. Ni ba ni da waya. Ƙawata ta ce a wayarta ya ƙi buɗewa, ƙunshi ne, sai a kwamfuta. Ta zuba mini a filash ta ce, "Malama Shiru, ke ce mai laftof a gida, ki taimaki al'umma." Kemistiri yana ba ni wahala, kuma Baba da ƙyar ya yarda na shiga ajin kimiyya. Na san haramun ne, na san sata ce. Na kuma san manhajar har yanzu tana da rami, ni kaɗai a gidan na sani. Duk da haka ranar wata Asabar da Yaya ta tafi biki ta bar laftof ɗin, na sa filash ɗin na kwance ƙunshin. Takarda ɗaya ce a ciki, hoton wasu tsofaffin tambayoyi da ko karantuwa ba sa yi sosai. Amma a daidai lokacin wani ɗan baƙin akwati ya ƙifta a kusurwar fuskar ya ɓace, kamar ƙiftawar ido. Na goge fayil ɗin, na goge shi daga kwandon shara, na ce shi ke nan. Ko tambaya ɗaya daga ciki ba ta fito a jarrabawar ba.

Daga ranar na fara lura da abubuwa. In an kunna laftof ɗin fankarsa sai ta yi ta huci ko ba a buɗe komai ba. Datar da ke kai mu ƙarshen wata ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, Yaya ta yi ta tsine wa kamfanin waya. 'Yar fitilar modem ɗin da muke shiga intanet da shi tana ta ƙyaftawa alhali ba wanda ke tura komai. Na gani, na gane, na yi shiru. Me ya sa na yi shiru? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Makon jiya da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wata Hajiya ce daga Gwagwalada, 'yar Zariya, wadda Yaya ta ɗauki bikin 'yarta tun kafin a kai laftof ɗin gyara, tare da ɗanta namiji. Ba ta ko amsa gaisuwar Mama ba. Ta miƙa wa Yaya waya ta ce, "Bilki, mene ne wannan?" Wata baƙuwar lamba ce ta turo wa amaryar hotonta na ranar ƙunshi, ba ɗankwali, da ɗaurin ƙirji, ƙafafunta a miƙe, an ce in ba a biya ba za a watsa sauran har wajen dangin miji. Ina bayan Yaya na hango hoton. Na san shi. Amaryar tana dariya idonta a rufe, hannun wata ya shigo ta gefe da roba. Ni da kaina na cire shi na sa a foldar waɗanda ba su yi ba. Ba a taɓa tura wa kowa shi ba. Babu inda yake a duniya sai cikin laftof ɗinmu. Yaya ma ta gane, ta zauna a ƙasa daɓas.

Ɗan Hajiyar, Yaya Mubarak, ya ce ko an yi wa laftof ɗin kutse ta intanet ne? Yaya ta ce, tana kuka, "Ta ina? An sabunta komai, ramin da aka ce ma an toshe, ƙanwata ta yi da hannunta. Ko ba haka ba?" Duk suka juyo suka kalle ni. Mama, Hajiya, shi. Na ɗaga kai sama da ƙasa. Ban ma yi magana ba, kai kawai na ɗaga. Sai ya ce, "To in ba daga waje ba ne, hannu ne. Wane namiji ya taɓa riƙe shi?" Yaya ta faɗi sunan Oga Danladi, ta ce amma ni ƙanwarta ina zaune ina kallonsa. Ya ce da ni, "Ko nan da can ba ki je ba?" Na ce na je na yi la'asar. Ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan. Raka'a huɗu ta ishi ɓarawo."

Da yamma shi da abokansa suka je shagon. Ban je ba amma unguwa kowa ya ji. Sun watsar masa da kaya, sun kira shi sunayen da ba zan rubuta ba, har maganar addini ta fara shiga ciki, sai da dattawa da 'yan acaɓan suka shiga tsakani. Mai unguwa ya ce a rufe shagon tukuna, ranar Asabar mai zuwa a zauna a gabansa, in ba a warware ba a miƙa wa 'yan sanda. Tun ranar mutane ke zuwa suna karɓe wayoyinsu da ke wajensa, mata musamman. Maman Rahila ta zo gidanmu ta durƙusa a gaban Mama ta ce, "Mama, shekara nawa muna tare? Mijina ko wayana ba ya buɗewa." Mama ta ce, "Ni ma ban ce shi ba ne, Allah zai bayyana gaskiya." Ina ɗaki ina jin su, ina riƙe da littafin kemistiri a buɗe.

Yanzu ku ga inda na maƙale. Yaya ta ɗauka hotunan biki ɗaya ne aka kwasa da hannu, an wuce wurin. Ni na san abin yana nan a ciki har yau, kuma hotunan mata da yawa ne a laftof ɗin, matan aure, 'yan mata, har da na Mama. Tana ci gaba da zuba sababbi a ciki. Abin da na iya yi kawai shi ne na zare layin modem ɗin na juya shi na mayar, yanzu ba ya kamawa, Yaya na cewa sabis ne ya lalace. Wannan ba zai daɗe ba, ta ce za ta sayi wani. Na yi tunanin in sauko da sabuwar manhajar a ɓoye, yanzu na san shafin gaskiyar, malamar kwamfutarmu na tambaya kamar don karatu. Amma ta ce toshe rami ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga, sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya an canza duk kalmomin sirri. Kuma kwamfuta tana rubuta ranar da aka sa kowace manhaja. Yaya Mubarak ya ce zai zo da abokinsa da ya karanta kwamfuta ya duba laftof ɗin ranar Asabar. In na bar tsohuwar, zai ga ba a sabunta ba. In na sa sabuwa, zai ga jiya aka sa. In kuma bai lura da ko ɗaya ba, Oga Danladi ne zai tafi. Akwai lokacin da na kama kaina ina fatan kada ya lura. Astagfirullah. Wace irin mutum ce ni?

In na faɗa, ba "ban iya ba" kawai zan faɗa ba. Dole in faɗi filash ɗin, in faɗi satar amsa, a gaban Baba da mai unguwa da mazan da ban taɓa haɗa ido da su ba. Baba zai iya cewa karatun ya isa haka. Ƙawata za ta shiga ciki, makaranta za ta ji. Yaya kuma fa? Yau ana tausaya mata ana cewa mai gyara ne ya cuce ta. In aka ji daga cikin ɗakinta ɓarnar ta fito, daga hannun wadda ta amince wa, wace uwa ce za ta sake kiranta ta shiga ɗakin amarya? Kuma sai an kira duk matan nan ɗaya bayan ɗaya an gaya musu wataƙila hotunansu na hannun wani. Da wane baki? Jiya Yaya tana taje mini kai ta ce, "Ranar Asabar abin da kika gani kawai za ki faɗa, kin ji? Kada ki ji tsoro, ba ke ake tuhuma ba." Hawayena ya ɗiga a cinyarta, ta zaci tazar ce ta yi zafi ta sassauta hannu.

Na yi tunanin in faɗi rabi. In ce batirin a waje yake lokacin da na tafi salla, a waje kuma na tarar da shi, don haka ba yadda za a yi ya kunna. Gaskiya ce wannan. Amma Yaya Mubarak zai ce an mayar an sake cirewa, kuma muddin kowa ya yarda an toshe ramin, babu wani da za a nuna sai shi.

Yau da safe zan tafi makaranta na bi ta bayan layi don kada in wuce ta shagon, sai ga shi a can ɗin, yana zaune a kan dutse da jakar kayan gyaransa, ba abin da yake gyarawa. Ya rame. Na so in juya, ya riga ya gan ni. Ya ce, "'Yar makaranta, ka zo." Na je na gaishe shi ido a ƙasa. Ya ce, "An ce kai ne shaida ran Asabar." Na ce e. Sai ya yi ajiyar zuciya har da murmushi, ya ce, "To Allah na gode. Na gaya ma Maman Rahila ya daina kuka. Na ce wannan yarinya yana gani komai, ko ƙusa ɗaya ya faɗi ƙasa shi ne ya nuna mini. Ba zai bari a kai ni ba." Ya buɗe jakar ya ɗebo gyaɗa ya zuba mini a hannu, ya ce in yi sauri kada a rufe get ɗin makaranta.

Gyaɗar tana cikin aljihuna, na kasa ci, na kasa zubarwa. Iyayena, yayyena, ban zo neman a ce ba ni da laifi ba. Na san ba zan iya zama in ga an tafi da shi ba, amma kuma na san kaina, na san a gaban mutane muryata ba ta fita. In fara gaya wa Yaya ita kaɗai kafin ranar? In ta ce in yi shiru don a rufa asirin gida fa? In gaya wa Mama? Ko in je wajen shi Oga Danladin in faɗa masa, tunda shi ya san yadda za a wanke laftof ɗin kafin a kwashi sauran? Asabar ta kusa. Don Allah ku faɗa mini da wa zan fara, da wace kalma zan buɗe baki. Me zan yi?